Reshen da Ishaya Ya Bari

Abin da na fara gani a Amurka, bayan fitilun filin jirgi da fuskar mijina, ɓeraye ne guda biyu a cikin keji.

Ishaya ya riga ni zuwa da shekaru. Ya bar ni a Jos da 'yarmu Godiya, ya zo yana aikin gyaran gidaje, yana ta bin takardunmu. Nawa suka fito, na Godiya ba su fito ba. Na bar ta wajen mahaifiyata tana karatu, na taho ni kaɗai a ƙarshen kaka, bayan ganyen itatuwan ƙasar nan ya gama zuba. Tun daga filin jirgi nake leƙe ta tagar mota, itatuwa duk tsirara, baƙi ƙirin. Na ce, "Baban Godiya, gobara aka yi ne?" Ya yi dariya har sai da ya rage gudu.

Ɗakinsa yana ƙarƙashin gidan wata nas 'yar Kafanchan a Lanham, muna ce mata Anti Laraba. Da matakala ake sauka. Taga ɗaya ce, can sama kusa da rufi, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani. A kusurwa ga kejin ƙarfe da ya fi ni tsayi, ko da yake wannan ba abin a zo a gani ba ne, ni gajeriya ce tun asali. An cika shi da rassan itace, an ɗaɗɗaure su da waya, wani a kan wani. A kansu wasu halittu biyu suke ta hawa da sauka, girmansu bai wuce dunƙulen hannu ba, kunnuwa zagayayyu, wutsiya da ɗan tuntu a ƙarshe, haƙora jajaye kamar na tsohon mai cin goro.

Na ajiye jakata na ce, "Me nake gani haka?"

"Degu sunansu. Ba ɓeraye ba ne."

"Da wannan wutsiyar da waɗannan haƙoran? A gida da tuni yara sun gasa su."

Ya ce wasu mutane ne suka tashi daga wani gida da ya je gyara, suka ajiye kejin kusa da bola a cikin sanyi, ya ɗauko. Sai ya tsaya gaban kejin ya kama baki kamar yaron mota a tasha, ya ce, "Bukuru! Taminus! Saura mutum ɗaya!" Suka ruga suka haye reshen ƙoli, suka miƙe a kan ƙafafun baya suna wani kuka kamar na tsuntsu. Sunayensu ke nan, Bukuru da Taminus, irin na tashoshin motar da ake kira a Jos. Na juya baya na shiga kwance kaya, don kada ya ga na yi murmushi.

Ban yarda da su ba. Ko abincinsu ban taɓa zubawa ba. Wata Asabar na ga yana kankare wani reshe da 'yar wuƙarsa ta aljihu, ban tambaye shi inda ya samo ba. Shi ne ya ɗaga kai ya ce, "Gajeriyata, bari kaka ta zagayo, akwai inda zan kai ki." Na ce in dai wajen wasu ɓerayen ne na gode.

Kirsimeti ɗaya muka yi tare a ƙasar nan. Bayan sabuwar shekara ya faɗi a wajen aiki. Likitoci suka ce hawan jini ne. Da aka kai ni asibitin yana numfashi, amma bai ƙara magana ba. A nan aka binne shi, ƙasa ta daskare har sai da inji aka haƙa. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Mutanen cocinmu sun yi ƙoƙari, Ubangiji ya sāka musu. Matan zumunta suka yi ta kawo abinci, suka zauna da ni. A cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani ɗan garinmu, ba zan faɗi sunansa ba. Ya fi kowa kuka. Ya ce ni mace ce baƙuwa, za a cuce ni, in ba shi motar marigayi da kayan aikinsa ya sayar min. Ya zo da kansa ya kwashe, har guduma da ƙusoshi. Na raka shi bakin hanya ina masa godiya. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Abin da ya rage min cikin kayan aikin Ishaya wuƙar aljihun nan ce, ita ma don tana cikin rigar sanyinsa ne.

Da aka watse, Anti Laraba ta sauko ta tsaya gaban kejin ta riƙe ƙugu.

"Maman Godiya, akwai inda ake kai irin waɗannan, ana karɓa. Ke da za ki fara neman aiki, ina ke ina kiwon ɓera?"

Na ce to, gobe.

Da yamma ina zaune a bakin gado, daidai lokacin da yakan dawo, sai na ga dukansu biyu sun haye reshen ƙoli sun tsaya cak suna kallon matakala. Suka daɗe a haka. Ni ma ashe matakalar nake kallo. Na tashi na je gaban kejin, na gwada kiran nan nasa. Muryata ta karye a kan Taminus, ban kai ƙarshe ba. Amma suka juyo. Suka sauko har daidai fuskata suna shinshina.

A nan na yi tunanin abin da ban taɓa yi ba. Duk shekarun da nake Jos, ni waya nake samu ran Lahadi. Waɗannan su ne suka ji Hausarsa kullum, da gajiyarsa, da waƙoƙin cocin da yake yi in yana wanke kwano. Mota ta tafi, kayan aiki sun tafi. Abu mai rai da ya bari a ƙasar nan su ne. Na ce a raina ba za su mutu a hannuna ba.

Da safe na ce wa Anti Laraba na fasa. Ta dube ni, ta dubi kejin, ta ce, "Su dai kada su hau min sama."

Ita ce ta samo min aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Bas biyu nake shiga. Turancin da na koya a makaranta ya tsaya min a wuya, don nasu da hanci yake fita kuma da gudu. Ina gaida mutane a tasha, sai su dube ni kamar na roƙe su wani abu. Na yi kewar rana. Na yi kewar a ce min ina gajiya. Amma akwai wani direban bas, wani baƙin mutum mai farin gemu, in ya hango ni ina ta ɗingishi a kan ƙanƙara sai ya tsaya ya jira, fasinjoji na gunaguni, shi ko a jikinsa. Ban san sunansa ba har yau. Ina sa shi a addu'a.

Abin da ban sani ba game da dabbobin nan shi ne haƙoransu ba sa daina tsiro. Dole su yi ta gwaguyar itace, in ba haka ba haƙoran su hana su cin abinci. Kuma ba sa zaman ƙasa, rayuwarsu hawa ce. Kafin sanyi ya yi sauƙi sun cinye rassan Ishaya. Wannan ya tsinke, wancan ya faɗo. Suka koma gwaguyar ƙarfen kejin, ina jin ƙarar har cikin kaina.

Na ce itace ne, ai ba shi da wuya. Bayan tashar bas ɗinmu akwai wani ɗan kurmi, iska ta kakkarya rassa ta zubar. Ran hutuna na ɗauki wuƙar Ishaya na shiga. Ba ganye, ba fure, ban san sunan ko ɗaya ba. Sai na yi abin da kakata ta koya mana in za mu yanki asuwaki: a karya ɗan tsinke a tauna. A wurinmu mai ɗaci shi ne mai kyau. Dogon yaro ɗaci ne da shi, kuma shi ke gyara haƙori ya kashe ciwon baki. Na tauna wannan, salam. Na tauna wancan, salam. Sai na samu wani mai duhun ɓawo, ɗacinsa ya kama min harshe, da wani wari mai ƙarfi. Na ce yauwa, ga maganin haƙori. Na ɗauro dami guda ina jin daɗi, rabon da in ji na iya wani abu tun ranar jana'iza.

Bukuru mai tsoro ne, ya shinshina ya ja da baya. Taminus kuwa ba ya ƙin komai. Ya hau kai yana ɓare ɓawon.

Da rana na sauko da wanki na tarar da shi kwance a gefe, yana numfashi da sauri, bakinsa a jiƙe. Bukuru yana zagaya shi yana tura shi da hanci. Ban san lokacin da na hau sama ba. Anti Laraba ta kwana a wajen aiki, barci take. Na buga ƙofa har ta buɗe.

"Wa ya mutu?"

"Anti, Taminus ne."

"Taminus na Jos?"

"Ɓeran, Anti. Ba ya motsi."

"Ni Laraba! Na kwana ina juya mutane, yanzu kuma ɓera zan kai asibiti? In 'yan garinmu suka ji wannan, na shiga uku." Tana faɗa tana sa takalmi. "Ɗauko shi a tawul. Ki ɗauko itacen da ya ci ma. Ki yi sauri mana!"

Asibitin dabbobin yana wajen College Park, inda ɗalibai suka yi yawa. Likitar wata Baturiya ce siririya. Ta karɓi Taminus ta sa shi a wani akwatin gilashi mai iska, ta yi masa allura. Sannan ta ɗauki reshen ta kankare da farce ta kai hanci. Ta yi magana, Anti Laraba tana juya min.

"Ta ce itacen ceri ne na daji. Guba ne a gare su, musamman wanda ya karye ya fara yaushi. Ta ce yaya aka yi kika zaɓe shi?"

Na ce, "Ki ce mata na tauna ne na ji ɗaci."

Anti ta zaro ido. "Kin tauna? Da bakinki?" Ta juya ta faɗa wa likitar. Na ɗauka likitar za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaya ko na haɗiye, na ce a'a. Na ba ta labarin asuwaki, ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce a nan, ga waɗannan dabbobin, in na ji ɗaci in jefar.

Ina tsaye sai na tuna inda na san warin nan. Rogo mai ɗaci ne, wanda in akuya ta ci shi ɗanye ba ta kwana. Hancina ya gaya min tun a kurmi, ban saurara ba.

Likitar ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali. Ta ce duk itacen da ɗansa ke da ƙwallo ɗaya mai tauri a ciki, in bar shi. Duk mai ƙaro ko ƙamshin turare, in bar shi. Wanda aka yi wa fenti, da wanda aka fesa wa maganin ƙwari, da na bakin titi mai shan hayaƙin mota, duk in bar su. Na tambaya, to mangwaro fa? Ta ce ba ta san shi ba, kuma abin da ba ta sani ba ba ta ba su. Ta ce mafi sauƙin samu cikin masu kyau shi ne itacen tuffa, in dai an tabbata ba a fesa masa komai ba. A wanke shi da ruwan zafi ba sabulu, a busar a tanderu da wuta kaɗan.

Taminus ya kwana a can. Washegari aka ce in zo in ɗauke shi, ya rayu. Na yi kuka a cikin bas, abin da ban yi ba a gaban mutane ko a maƙabarta.

Ya dawo, amma ya rame, yana zaune a ƙasan keji. Na sayi itacen tuffa na kanti kamar yadda likitar ta ce. 'Yan guntaye ne kamar yatsa a cikin leda. Sun isa gwaguya, ba su isa hawa ba. Kejin ya zama fanko. Bukuru yana bin ƙarfe yana zamewa, Taminus ko ƙoƙari ba ya yi. Likitar ta ce in bai koma hawa ba ƙafafunsa za su mutu, kuma irinsu in ɗaya ya tafi ɗayan ba ya daɗewa.

A can sama, a jikin waya, akwai guntun reshen Ishaya da ya rage, wanda haƙoransu ba su kai ba. Na hau kujera na kwance shi. Ga sawun wuƙarsa a jiki inda ya sassabe ƙullin. Na daɗe ina riƙe da shi. Sannan na kai baki na ciza. Ba ɗaci ko kaɗan. Wani ɗan zaƙi ne can nesa, mai sanyi, kamar ruwan da aka jiƙa busasshen ganye a ciki.

Na hau sama na nuna wa Anti Laraba. Ta jujjuya shi ta shinshina.

"Ashe shi ne! A tanderuna yake busar da su! Shekara da shekaru ina dawowa daga aiki ina jin tanderuna yana ƙamshin itace. Har mai gyara na kira. Mijinki ya tsaya nan yana taya shi dubawa, bai ce uffan ba!"

Muka yi dariya, mu biyu, har ta zauna. Da ta share ido sai ta ce ta tuna wani abu. Wata Asabar motarsa ta lalace, ta rage masa hanya zuwa Mitchellville, ta sauke shi a bakin wani layi. Da yamma ya dawo da dami a kafaɗa. Gidan ne ba ta sani ba.

Asabar ta gaba ta sauke ni a bakin layin za ta wuce aiki. Ta leƙo ta taga ta ce, "In 'yan sanda suka kama ki kina cin itacen mutane, ban san ki ba."

Unguwa ce ta manyan gidaje, shiru kamar ba kowa. Sanyi ya fara sauƙi amma itatuwa ba su yi toho ba. Na bi gefen hanya a hankali. Duk inda reshe ya leƙo ta kan shinge sai in karya ɗan tsinke in taɓa da harshe in tofar. Wani bauri. Wani ƙaro, har ya manne min a leɓe. Wani ba ɗanɗanon komai. Wata mata mai yawo da kare ta tsallaka ɗaya gefen da ta gan ni. Kunya ta kama ni, na ce in na kai ƙarshen layin zan koma.

Kusa da ƙarshen akwai wani gida mai shingen katako. Itacen da ke bayansa a gyare yake, an buɗe tsakiyarsa, rassan sun bazu kamar tafin hannu. Reshe ɗaya ne ya sauko ƙasa-ƙasa ya haye shingen, daidai kafaɗata. Na karya tsinke na sa a baki.

Shi ne.

Ina tsaye da tsinke a baki ƙofa ta buɗe. Wani dattijo dogo da hula da rigar sanyi ya fito yana min magana da Turanci. Ban gane ba. Sai ya waiwaya cikin gida ya ɗaga murya, da Hausa tsantsa:

"Hajiya, zo ki ga ikon Allah. Wata mata ce ke cin shingenmu."

Na cire tsinken na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baba. Ba shingen nake ci ba, itacen ne."

Ya yi tsalle da baya kamar ya taka wuta. Matarsa ta fito tana dariya tana tafa hannu, ta ce, "Maganinka ke nan, Malam. Kullum ina ce maka ka bar zagin mutane da Hausa a ƙasar nan."

Sunansa Malam Mahaman, mutumin Maraɗi ne, ya yi aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo har ya yi ritaya. Matarsa Hajiya Fati. Suka shigar da ni falo, aka kawo shayi. Ya ce, "To madam, daga ina, kuma me itacena ya yi miki?"

Na ce, "Ni matar Ishaya ce."

"Ishaya na Jos! Ina ya shiga? Ga lokacin yankan itace ya yi, na kira wayarsa har na gaji. Na ce wa Hajiya tunda madam ta zo ya manta da mu."

Na ajiye kofin. Na ce, "Ya rasu, Baba. Bayan sabuwar shekara."

Ya cire tabarau. Ya yi salati a hankali. Hajiya Fati ta taso daga kujerarta ta zauna kusa da ni ta riƙe min hannu. Malam ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, ɗiyata. Allah ya raya abin da ya bari. Mutumin kirki ne, wallahi mutumin kirki ne."

Ya ba ni labarin da ban sani ba. Ƙofa Ishaya ya zo gyara musu. Ya ga itacen tuffa a bayan gida ya cunkushe, ba ya 'ya'ya, har Malam yana shirin sare shi. Ishaya ya ce a ba shi shekara ɗaya, ya taɓa ganin yadda ake yi a gonakin wajen Vom yana yaro. Ya ƙi karɓar komai. Sharaɗinsa biyu: rassan da ya yanke nasa ne, kuma kada a fesa wa itacen magani ko sau ɗaya.

"Na ce masa, to ƙwari fa? Ya ce ƙwari su ci rabonsu. Sai daga baya na ji wai saboda ɓeraye ne. Ni da digirina, ɓera ke ba ni oda a gidana!"

Na gaya musu abin da ya faru da Taminus. Hajiya ta ce, "Wayyo, bawan Allah," kamar mutum ake magana. Malam ya tashi ya ce in biyo shi. A ɗakin ajiya na bayan gida ya ɗauko wani ɗan zarto mai lanƙwasa daga jikin ƙusa. Ban buƙaci a gaya min na Ishaya ne ba. Ƙotar ta yi sulɓi daidai inda babban yatsansa ke zama.

"Nan yake barin shi. Naki ne."

Muka je gindin itacen. Na duba sama, rassan sun min nisa. Na nufi wanda ya sauko kan shinge, na ce, "Baba, bari in yanki wannan, shi ne hannuna ya kai. Ya ma isa kejin gaba ɗaya."

Ya riƙe min hannu. "A'a. Ban da wannan."

Na ce ya yi haƙuri, ban san yana so ba.

"Ni? Ni na fi kowa son a sare shi. Yana karya min shinge, yaran makaranta suna tsinke min tuffa. Kowace shekara sai na ce, Ishaya, cire wannan. Sai ya ce, Malam, yi haƙuri, wannan ba naka ba ne. Matata tana nan zuwa, gajeriya ce. Ina so ta tsinka da hannunta, ba tare da ta roƙi kowa ba."

Su biyun suka koma gefe suna duban wani abu a jikin shinge, suka bar ni.

Da na share fuska Malam ya kawo tsani. Ya ce shi bai iya ba, amma ya sha kallo: waɗanda suka miƙe sama tsaye ake cirewa, da waɗanda suke gogar juna. Ya riƙe tsanin, na hau da zarton. Yana ƙasa yana ba da umarni, Hajiya tana ce masa ya yi shiru kada ya kayar da 'yar mutane. Na yanke masu kaurin hannu da masu kaurin yatsa. Yankana bai yi kyau kamar na Ishaya ba, ana ganin bambancin a jikin itacen har yanzu. Malam ya ce ba komai, itace ba ya riƙo. Shi ya kai ni gida da motarsa, rassan suna leƙe ta taga.

Na wanke su da ruwan zafi na goge da burushi. Na hau sama da su a hannu na tsaya a ƙofar kicin. Anti Laraba ta dube ni.

"A tanderun da nake gasa kaza?"

"Wuta kaɗan, Anti."

"Ke aƙalla kin tambaya." Ta kunna min da kanta.

Na ɗaɗɗaure su da wayar da ya bari. Na farko na sa shi a kwance, kusa da ƙasa, yadda Taminus zai taka ba wahala. Na biyu ya ɗan fi shi. Haka har sama. Bukuru bai jira na gama ba. Taminus kuwa ranar farko ɓawo kawai ya ɓare. Bayan kwanaki na dawo aiki na same shi a kan na biyu. Ban matsa masa ba. Itatuwan waje suka yi toho, garin ya cika da furanni, Anti ta kai ni cikin birni na ga jama'a suna ta ɗaukar hoto a gindin itatuwan ceri, na ce a raina kyau dai akwai shi. Wata yamma na sauko matakala da jakata, na yi kiran ba tare da na yi tunani ba, na kai har ƙarshe. Kawuna biyu suka leƙo daga reshen ƙoli.

Tun daga nan nake zuwa Mitchellville duk ƙarshen wata. Hajiya ta koya min dambun zogale irin nasu, ni na kai mata gwate, ta ce yaji ya yi kaɗan. Malam ya samo min wata lauya a cikin 'yan'uwan matarsa, ta duba takardun Godiya ta ce ba su mutu da mutuwar babanta ba, sai dai haƙuri.

Da kaka ta zagayo Hajiya ta kira ni ta ce tuffan sun nuna. Na je bayan coci da kayan Lahadina. Reshen ya yi nauyi har ya kwanta a kan shinge. Tuffan ƙanana ne, wasu da tabon ƙwari, ba irin na kanti ba. Na kira Godiya ta waya mai hoto, na ba Malam ya riƙe. Na tsaya a kan ƙafafuna, ban yi ɗage ba, na miƙa hannu na tsinka.

Bukuru da Taminus ba sa shan zaƙi, likita ta hana, yana sa musu ciwon sukari. Saboda haka muka raba: itacen nasu, 'ya'yan nawa.

Godiya ta ce, "Mama, da daɗi?"

Na ce da ɗan tsami, amma da daɗi. Ita tsayin babanta ta ɗauko. Na karɓi wayar na juya ta sama, na nuna mata waɗanda suke can ƙoli, jajaye, ba wanda ya taɓa su. Na ce ta yi sauri ta zo, waɗancan nata ne.